Da Adamu bai ci ɗan itacen nan ba, da Yesu zai zo?

Ranar Lahadin ƙarshe kafin Kirsimetin bara, ina zaune da 'yan ajina na makarantar Lahadi a gindin darbejiyar da ke bayan cocinmu. Hazo ya rufe gari, yaran duk leɓunansu sun bushe, wasu sun tura hannuwa cikin rigunan sanyi. Na ba su labarin kamar yadda aka ba ni shi ina yaro: Allah ya yi duniya da kyau, Adamu da Hauwa'u suka ci ɗan itacen da aka hana su, mutuwa ta shigo, sai Allah ya aiko da Ɗansa don ya cece mu. Ban kai ƙarshe ba wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba ta ɗaga hannu.

"Malam, ke nan gara da Adamu ya yi zunubin?"

Na ce mata me ya sa ta faɗi haka.

"Ai da bai yi ba, da Yesu bai zo ba. Da babu Kirsimeti."

Sauran yara suka kwashe da dariya, ni kuwa na ce za mu yi maganar wani lokaci, na sa aka tashi waƙa. Gaskiyar magana ita ce ba ni da amsa a ranar. Yarinyar ba ta ƙara komai a kan abin da na koya mata ba, bin zaren maganata kawai ta yi har inda ya ƙare, kuma inda ya ƙare ɗin bai yi mini daɗi ba. Idan zunubi ne ya jawo Almasihu, to mafi girman abin da Allah ya taɓa yi ya rataya ne a kan mafi munin abin da mutum ya taɓa yi.

Na shafe watanni ina juya wannan tambaya, kuma ga inda na tsaya: na gaskata cewa ko da mutum bai faɗi ba, Kalman Allah, wato Ɗansa, zai zama mutum. Na kuma gaskata cewa yadda muka saba wa'azi, mu fara da zunubi mu ƙare da gafara, ya rage wa bishara girma a kunnen mutanenmu. Na san da yawa daga masu karanta wannan Musulmi ne, kuma a wurinsu Annabi Adamu ya tuba an yafe masa, ba a gadon laifi, batun Allah ya ɗauki jiki kuwa ba ya ma tasowa. Ba muhawara da su na zo yi ba. Magana ce ta cikin gidan Kirista, amma ƙofar a buɗe take ga mai son ya ji abin da muke tattaunawa.

Tambayar yarinyar nan ta girme ta da kusan shekara 900. A 1098 Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya kammala littafinsa a kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum. Bayaninsa shi ne mutum ya ci bashin da ba zai iya biya ba, Allah kaɗai ke da ikon biya, amma mutum ne ya wajaba ya biya, saboda haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Wannan bayani ya kama zukata ƙwarai, har yau shi ne ƙashin bayan yawancin wa'azin da ake yi a majami'unmu, ko da mai wa'azin bai taɓa jin sunan Anselm ba. Ba a jima ba wasu suka fara tambayar da ta biyo baya, irin su Rufat na Doyis a Jamus da Robat Girostes, bishop na Linkon wanda ya rasu a 1253. Suka ce to, in babu bashin fa?

Toma Akwinas, babban malamin tauhidin Katolika wanda ya rasu a 1274, ya amsa da taka-tsantsan irin na dattijo. Ya ce abin da ya fito daga nufin Allah kaɗai, wanda babu wata halitta da ta cancance shi, ba mu da hanyar saninsa sai ta abin da Nassi ya bayyana. Nassi kuwa ko'ina yana ɗaura zuwan Almasihu a kan zunubin mutum. Saboda haka ya fi dacewa a ce da babu zunubi da bai zo ba, ko da yake ya ƙara da cewa ikon Allah bai taƙaita ba, yana iya zama mutum ko babu zunubi. Ya jingina da Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya ce in babu cuta babu bukatar magani. Kuma ayoyin suna nan, ba a ɓoye suke ba. Luka 19:10 ta ce Ɗan Mutum ya zo ne neman abin da ya ɓata don ya cece shi. 1 Timoti 1:15 ta ce Almasihu Yesu ya shigo duniya don ceton masu zunubi. Shaidar bangaskiya ta Nikiya da muke karantawa a tsaye ta ce saboda mu mutane da kuma cetonmu ya sauko daga sama. A daren jajibirin Ista, Katolika suna kunna babban kyandir a cikin duhu su rera tsohuwar waƙar da ke kiran laifin Adamu laifi mai albarka, tun da ya samo mana Mai Fansa irin wannan. Ashe abin da yarinyar ta faɗa a gindin darbejiya an daɗe ana rera shi da Latin.

Ban raina wannan matsayi ba. Wani dattijon cocinmu da na kai wa maganar ya buɗe mini Maimaitawar Shari'a 29:29, inda aka ce asirtattun abubuwa na Ubangiji ne, bayyanannu kuwa namu ne da 'ya'yanmu. Ya ce, "Ɗana, abin da Allah bai faɗa ba kada ka sa masa baki." Jon Kalbin, ɗaya daga jagororin Furotesta, shi ma haka ya yi wa wani malami mai suna Andiriyas Osiyanda a ƙarni na 16, ya ɗauki tambayar a matsayin shisshigi. Gargaɗin yana da nauyi, kuma na karɓe shi.

Sai dai a ganina Allah ya faɗa. Ayoyin da muke tsallakewa ne.

A buɗe Kolosiyawa 1:15-17. Bulus ya kira Almasihu surar Allah marar ganuwa, ɗan fari gaban dukan halitta, ya ce ta wurinsa aka halicci kome, kuma dominsa. Wannan "dominsa" ita ce kalmar da ta tsaya mini a rai. Afisawa 1:4 ta ce an zaɓe mu a cikinsa tun ba a kafa harsashin duniya ba, aya ta 10 kuma ta ce shirin Allah shi ne ya tattara kome, na sama da na ƙasa, a cikin Almasihu. A Romawa 5:14 Bulus ya kira Adamu kwatancin mai zuwa. Kwatanci kuwa ba ya riga ainihin abu a zuciyar mai yi. Tela ba ya yanka yadi sai ya riga ya san jikin wanda zai sa rigar. In Adamu kwatancin Almasihu ne, to sa'ad da Allah yake murza ƙasar nan a Farawa sura ta 2, fuskar Yesu yake dubawa.

Wanda ya fi kowa fito da wannan fili shi ne Yohanna Duns Skotus, ɗan ƙasar Sikotilan daga 'yan'uwan Faransis, wata ƙungiyar masu zuhudu ta Katolika, wanda ya koyar a Oksfod da Faris, ya rasu a birnin Kolon a 1308 yana da shekara arba'in da 'yan kai. Hujjarsa mai sauƙi ce in aka cire mata kayan malamai. Mai hankali in zai yi aiki, manufarsa yake fara ƙudurtawa, sannan abin da ya fi kusa da manufar, sannan sauran. Babu wani abu a cikin halitta da ya fi kusa da zuciyar Allah kamar mutuntakar Almasihu, wadda ke iya ƙaunar Allah da cikakkiyar ƙauna. Saboda haka ita aka fara nufa, kafin mala'iku, kafin Adamu, kafin a yi maganar faɗuwar kowa. Ya ce in ba haka ba, sai ya zama aikin Allah mafi girma ya faru ne bisa tsautsayi, kuma hakan bai dace da hikimarsa ba. Kada a ɗauka rigimar ƙungiya ce tsakanin mabiya Faransis da mabiya Dominik, ƙungiyar su Akwinas. Bonabentura ɗan gidan Faransis ne amma ya fi karkata wajen amsar da Akwinas ya bayar, Albat kuwa, malamin Akwinas da kansa, ya fi karkata wajen ɗaya amsar. Ikkilisiya ba ta taɓa yanke hukuncin cewa ɗayansu ɓata ne ba, kuma Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya tabbatar da Skotus cikin masu albarka, matakin da ke kafin na waliyyai a Katolika, a 1993.

Ni dai ba a littafin Skotus maganar ta zauna mini ba, a gidan kakana ta zauna. Gidan ƙasa ne, mai soro. Duk shekara kafin ruwan farko a kan kwaɓa ƙasa, a hau sama a yi yaɓe, a toshe inda ya tsage, a gyara indararo. Wanda ya zo garin a watan nan kaɗai zai iya cewa aikin maigida shi ne yaɓe. Amma kakana bai gina gidan don ya samu abin yaɓewa ba. Ya gina shi don ya zauna a ciki da iyalinsa, ya sha fura a zaure, ya ji kukan jikokinsa. Yaɓen ya zo ne saboda damina tana cin gini, kuma yana yin sa ne saboda tun farko zama ya nufa. Yohanna 1:14 ta ce Kalman ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Wahayin Yohanna 21:3, can ƙarshen littafi, bayan an gama da zunubi da mutuwa, ta ce ga mazaunin Allah yana tare da mutane. Abin da ya rage bayan an gama gyara shi ne abin da aka nufa tun kafin ɓarna. In zama da mu ne ƙarshen labarin, ban ga yadda za a ce macijin ne ya sa Allah ya fara tunaninsa ba.

Akwai wani ɓangaren tambayar da ya fi shafar mu kai tsaye, wato shi mutum ɗin, me zai zama da bai faɗi ba? Yawancinmu mun girma da hoton Adamu a matsayin cikakken mutum wanda ya gama isa, yana zaune a gona ba abin da ya rage masa sai ya kiyaye doka ɗaya. In haka ne, ceto yana nufin a mai da mu inda muka fito, shi ke nan. Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 180, bai ga haka ba. Shi almajirin Folikaf ne na Simirna, wanda shi kuma aka ce ya zauna a gaban manzo Yohanna, saboda haka ba baƙon tunani ya shigo da shi ba. Ireniyus ya ce Adamu yaro ne. Ba shi da laifi, amma bai girma ba. Uwa tana da tuwo a tukunya, amma jaririnta nono take ba shi, ba don rowa ba, don cikinsa bai isa ɗauka ba. Haka Allah yana da cikar da zai ba mutum tun ranar farko, mutum ne bai isa karɓa ba tukuna. An yi shi ne don ya yi ta girma, daga sura zuwa kamanni, har ya kai ga ganin Allah. Bulus ma ya faɗi kusan haka a 1 Korantiyawa 15:45-49, inda ya ce mutum na farko daga turɓaya yake, na biyu daga sama, kuma kamar yadda muka ɗauki siffar na turɓaya haka za mu ɗauki siffar na sama. A wurin nan bambancin da yake nunawa na turɓaya da sama ne. Turɓaya kuwa ba zunubi ba ce, amma ba ita ce matsayar ƙarshe ba.

Iyayen ikkilisiya na gabas sun bayyana wannan girma da kalmomi masu firgita kunne. Atanasiyus na Iskandariya a Masar, wanda ya rasu a 373, ya ce Kalman ya zama mutum domin mu zama masu tarayya cikin allahntaka. Dole in yi adalci in ce shi Atanasiyus ya ɗaura zuwan Almasihu a kan ruɓewar da zunubi ya kawo, amma inda ya ce za a kai mu ya wuce gonar Adamu nesa. A ƙasarmu, inda kowa ya san nauyin kalmar shirka, dole a fayyace wannan magana. Ba wanda ya ce mutum zai zama Allah a zatinsa, ko a yi masa sujada. Abin da 2 Bitrus 1:4 ta faɗa ne, cewa za mu zama masu tarayya da halin Allahntaka. Tsofaffin malaman suna kawo misalin ƙarfe a wuta, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san abin da suke nufi. Yaro yana zuga, gawayi yana tartsatsi, maƙeri ya cusa baƙin ƙarfe mai sanyi a ciki. Bayan ɗan lokaci ya zaro shi da awartaki ja wur, yana haske, yana ƙona duk abin da ya taɓa. Ƙarfe ne har yanzu, bai zama wuta ba, amma duk abin da wuta ke yi yana yi. Ƙarfen nan ko ba tsatsa a jikinsa, ba zai yi ja don kansa ba. Sai an haɗa shi da wuta. Zunubi shi ne tsatsar, dole a kankare ta. Haɗuwar da wuta kuwa bukata ce da take nan tun kafin tsatsa, kuma inda allahntaka da mutuntaka suka haɗu ba tare da ɗaya ta cinye ɗaya ba shi ne jikin Yesu.

Maksimus, wani malamin ikkilisiyar gabas wanda aka yanke wa harshe da hannun dama saboda ya ƙi janye koyarwarsa cewa Almasihu yana da cikakken nufi na mutum, ya rasu a gudun hijira a 662, ya ce wannan haɗuwa ita ce manufar da aka halicci kome dominta. Mutumin da ya ba da harshensa a kan mutuntakar Yesu ya cancanci a saurare shi a kan dalilinta.

Wani zai ce duk wannan zancen malamai ne, me ya haɗa shi da mai sayar da tumatir da ke zuwa sujada ranar Lahadi? A ganina ya haɗa su sosai. Na sha zama a taron farkawa inda aka shafe awa biyu ana kwatanta wutar jahannama, aka kira mutane gaba, suka zo suna kuka, aka yi musu addu'a, aka rubuta sunayensu. Bayan wata uku ka tambayi ɗayansu me ya rage masa a rayuwar bangaskiya, sai ya ce ya kiyaye kada ya koma baya har ya mutu. Ba laifinsa ba ne. An gaya masa Yesu magani ne, shi kuwa ya sha maganin, to me zai yi da likita bayan an sallame shi? Shi ya sa muke da Kiristoci masu yawa da aka yafe wa zunubi amma halinsu na nan yadda yake shekara ashirin, a kasuwa, a ofis, a wajen matansu. Ba a taɓa gaya musu cewa gafara ƙofa ce, kuma akwai gida a bayanta ba. Ba a gaya musu cewa haƙurin da suke koya da maƙwabci mai wuyar hali, da gaskiyar da suke riƙewa a kan mudu, da Jibin Ubangiji da suke ci, duk zaman ƙarfe ne a cikin wuta ba.

Akwai kuma yadda muke kallon mutum. In labarin ɗan Adam ya fara daga Farawa sura ta 3, abu na farko da za ka gani a fuskar kowa shi ne mai laifi. In ya fara daga Almasihu, abu na farko da za ka gani shi ne wanda aka yanka bisa awon Ɗan Allah, ko ya sani ko bai sani ba, ko yana zuwa cocinka ko masallaci yake zuwa. Mu da muka ga abin da rikicin addini ya yi wa garuruwanmu, muka ga unguwanni sun rabu gida biyu, ba ƙaramin abu ba ne a koya wa yaro cewa darajar maƙwabcinsa ta riga laifin maƙwabcinsa. Haka jiki ma. Wasu masu wa'azi suna magana kamar jiki kurkuku ne da Yesu ya daure ya shiga don dole. Amma in tun farko nufin Allah ne ya ɗauki jiki, to gajiyar manomi, da naƙudar mace, da hannun kafinta, abubuwa ne da Allah ya so ya sani daga ciki.

Babban tsoron masu jayayya da ni shi ne kada gicciye ya yi sauƙi. Na fahimci tsoron, domin akwai masu son Kiristanci marar jini, mai daɗin ji, wanda ba ya kiran zunubi da sunansa. Ba na cikinsu. Mun faɗi, faɗuwar kuma ta gaske ce, ana ganinta a kowace jarida da kowace zuciya, tawa ma. Skotus bai musa wannan ba. Abin da ya ce shi ne da babu zunubi Almasihu zai zo, amma ba a matsayin mai shan wuya da mutuwa ba. Zunubi bai jawo zuwansa ba, ya sauya yadda zuwan ya kasance. Ni a wurina wannan ƙara wa gicciye nauyi yake yi. Ka ɗauki ango da ya sa rana, ya gama gini, ya shirya lefe, sai ana gobe ɗaurin aure ya sami labarin amarya ta ci amanarsa, ta kuma faɗa cikin bashi da ciwon da zai iya kashe wanda ya yi jinyarta. Kowa zai ba shi gaskiya in ya fasa. Bai fasa ba. Ya zo a ranar da ya sa, ya biya bashin, ya ɗauki ciwon. Likita in ya warkar da kai ya yi aikinsa, ka gode masa ku rabu. Wannan kuwa ya yi jinyar ne don auren yana nan. Littafi Mai Tsarki da kansa ya kira Almasihu ango, kuma a Afisawa 5:31-32 Bulus ya ɗauko maganar auren Adamu da Hauwa'u, wadda aka faɗa kafin faɗuwa, ya ce asirinta Almasihu ne da ikkilisiya.

Na yarda da Akwinas a kan abu ɗaya har yanzu, cewa ba a gina rukunin bangaskiya a kan "da a ce". Duniya ɗaya muka sani, wadda aka faɗi a cikinta, kuma Yesu ɗaya muka sani, mai tabon ƙusa. Ba zan ce wanda bai bi ra'ayina ba ya kauce. Abin da nake roƙon fastocinmu da malaman makarantar Lahadi shi ne su riƙa karanta Kolosiyawa sura ta 1 a watan Disamba kamar yadda suke karanta Farawa sura ta 3, don yara su ji cewa an yi duniya saboda jaririn nan na Baitalami.

Bayan Ista na kira yarinyar bayan an tashi aji. Na ce mata tambayarta ta fi ƙarfina a ranar, amma yanzu ga abin da na gaskata: Yesu zai zo ko Adamu bai yi zunubi ba, domin tun farko Allah yana so ya zauna da mu. Ta yi shiru tana murza bakin ɗankwalinta.

"To, Malam, da ba za a gicciye shi ba ke nan?"

Na ce haka nake gani.

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta ce, "Ashe mu muka ja masa."

Daga cikin coci 'yan Zumuntar Mata suka fara buga tulu, mahaifiyarta ta leƙo ta taga tana kiranta, ta ɗauki Littafinta ta tafi.